Keke Mai Sirdi Biyu

Raliya 'yar Malam Idirisu baduku ce, a unguwar Birni ta Damagaram aka haife ta. Tun tana ƙarama ita ke kai wa masu shaguna jakunkuna da takalman da ubanta ya ɗinka, a kan tsohon kekensa baƙi, domin ƙannenta maza ba su tasa ba tukuna. Ba wanda ya kula da yadda take tuƙi sai Mushe Alkasum, malamin wasanni na lisensu, wato makarantar sakandare, inda ake kiran kowane malami Mushe. Wata rana da hantsi ya gan ta tana hawan tudun nan na tsakanin duwatsu da ɗaurin fatu a bayanta, ko tashi daga sirdi ba ta yi ba, alhali samari a nan sauka suke su tura. Da yamma ya tafi rumfar ubanta.

Malam Idirisu ya saurare shi har ƙarshe bai ajiye basillarsa ba. Sannan ya ce, "Mushe, in dai za ta rufe jikinta, kuma ba za ta saki karatu ba, ai ƙafarta ce. Amma kekena ba zai shiga tsere ba, da shi nake neman abinci."

Mushe ya samo mata aron wani keken. Uban kuwa ya zauna ya ɗinka mata safar hannu ta jar fata, mai yankakkun yatsu, kamar yadda Mushe ya kwatanta masa.

A tseren 'yan matan makarantu, wanda aka yi daga Damagaram zuwa Mirriya, Raliya ta haɗu da Ramlatu. Doguwa ce, 'yar manoma daga Takieta, mai dariya da ƙarfi. Ana busa usur Raliya ta fita kamar an harba kibiya, ta bar kowa. Da ta waiwaya sai ta ga doguwar nan a bayanta, taya na kusan taɓa taya. Haka suka tafi, Raliya na fama da iska, Ramlatu na laɓe a bayanta. Sai da lambunan Mirriya suka bayyana Ramlatu ta fito ta gefe, ta wuce ta, ta cinye.

Raliya ta jefar da keken a yashi ta same ta tana shan ruwa. "Ke ba ki da kunya? Tun daga Damagaram nake tare miki iska!"

Ramlatu ta miƙa mata gorar. "To ai na gode, 'yar Birni. Allah ya saka da alheri. Sha, leɓenki ya bushe."

Raliya ta so ta ƙi, amma ƙishirwa ta fi fushin ƙarfi. Daga ranar suka ƙulla.

Bayan sun ci tseren ƙasa a Yamai, ɗaya ta farko ɗaya ta biyu, aka ba su gurbi a wata cibiyar horar da 'yan tseren keke a Afirka ta Kudu. A can suka fara ganin belodrom, wato filin tsere zagayayye kamar akushi, wanda gefensa ya tashi kamar bango. Keken da aka ba su ba shi da birki, kuma muddin taya na juyawa feda ba ta tsayawa. Raliya ta ɗaga kai ta dubi kwanar ta ce ba mahalukin da zai bi ta nan bai zamo ba. Mai horar da su ya ce wanda ya ji tsoro ya rage gudu shi ke zamowa. Ramlatu ce ta fara hawa, tana ihu da Hausa har ta zagayo. Raliya ta yi Bisimilla ta bi ta, don kada a ce 'yar Takieta ta fi ta zuciya.

Ba a jima ba mai horarwar ya gane abin da Mushe Alkasum ya daɗe da ganewa. Ƙarfin Raliya a tashin farko yake, na Ramlatu kuwa a ƙarasawa. Sai ya haɗa su a tseren mutum biyu. Tsarinsa shi ne su tashi tare, ta gaba ta ja zagaye ɗaya da iya ƙarfinta sannan ta kauce, ta baya ta ƙarasa na biyu ita kaɗai. Shekararsu ta farko a gasar ƙasashen Afirka suka samo tagulla. Ta biyu azurfa. A ta uku, a Alƙahira, suka doke ƙasashen da ke da belodrom a gida, aka ɗaga tutar Nijar, Ramlatu tana rera taken ƙasa da muryarta mai kama da ta agwagwa, Raliya tana kuka tana dariya.

Da suka dawo gida aka tarye su tun daga bakin gari da babura. Da dare ya yi jama'a suka watse, Malam Idirisu ya kira 'yarsa gefe. Ya ce ya kalli tseren a tarhon maƙwabcinsa har sau da dama, kuma akwai abin da ke damun sa.

"Me ya sa kike kaucewa? Kina gaba lafiya lau, sai ki hau sama ki bar wa 'yar mutane hanya. In gajiya ce ki faɗa a nemi magani."

Raliya ta yi ta yi masa bayani, har ta zana filin a ƙasa da tsinke. Ya gyaɗa kai ya ce ya gane. Amma da baƙi suka zo washegari ta ji yana ce musu, "Kawaici ne da ita, irin na uwarta."

Shekara biyar suka yi a haka. Ɗaki ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci, in kewar gida ta taso su dama furar garin gero da Inna Sa'a, mahaifiyar Ramlatu, ke ƙullo musu. A shekara ta ƙarshe Raliya ta lura da wasu abubuwa. Da magariba ta yi Ramlatu sai ta riƙe mata gwiwar hannu, tana cewa ƙauna ce. Ta kan yi karo da kujera, ta zagi kujerar. In an miƙo mata abu ta gefe ba ta karɓa sai an yi magana. Raliya ta ɗauka gajiya ce da shiririta irin ta Ramlatu.

Abin ya faru a wata gasa a Faransa, a tseren da ake sakin mutum shida lokaci ɗaya kowa ta kansa. Su biyun duka sun kai zagayen ƙarshe na gasar, kuma a ranar Raliya ta ji ƙafarta kamar ba a taɓa yi ba. A kwanar ƙarshe ta fito ta hannun daman Ramlatu, ta zo kafaɗa da kafaɗa da ita, tana shirin wucewa. Kwatsam Ramlatu ta karkato ta hau kanta. Raliya ta bugi katakon da aka shimfiɗa a filin, keken wata Baturiya ya bi ta kanta, ta zamo har ƙasan filin. Ƙashin kafaɗarta ya karye, fatar cinyarta ta saɓule, tsinken katako ya cika mata baya.

Alƙalai suka kori Ramlatu daga gasar saboda tuƙin ganganci. Da ta zo asibiti ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ƙaraso ba.

Raliya ta ce, "Shekara biyar ina share miki hanya. Rana ɗaya tak na zo wucewa, shi ne kika kasa haƙuri?"

"Ban gan ki ba."

"Ina jin numfashinki, ke ba ki gan ni ba?"

Ramlatu ta ce Allah ya ba da lafiya, ta juya. Kafin a sallami Raliya, Ramlatu ta kwashe kayanta ta koma Nijar, ta kuma sauya lambar tarho.

Raliya ta warke ta koma fili ita kaɗai. Fushi ya zame mata abinci. Ta koma tseren rabin kilomita, inda ba abokin hamayya sai agogo, ta ci zinare a Afirka sau biyu a jere. Wani kulob na Faransa ya ɗauke ta, ta zauna a wani ƙaramin gari mai yawan ruwan sama, ta zagaya ƙasashe, har ta shiga cikin goma na farko a gasar duniya. Jaridun Yamai suka buga hotonta. Sai dai in ta gama tsere ta sauko, ba wanda za ta yi wa ƙorafi da Hausa. Ta kan koma ɗaki ta dafa taliya ta ci a tsaye. Duk lokacin da ta zo hutu, in motar Yamai ta tsaya a Takieta, ba ta sauka ko don sayen ruwa.

A hutunta na shekara ta huɗu ta je gaida Mushe Alkasum, wanda ya yi ritaya yana kiwon zabi. Suna cikin hira ya ce, "Kin je kin duba ƙawarki?"

"Mushe, wanda ya guje ka ai ba ka bin sa."

Ya watsa wa zabin dawa. Sannan ya ce, "Ta sa na yi mata alkawari, na kuwa riƙe har na gaji. Raliya, idon Ramlatu ya tafi. Da dundumi ya fara. Daga nan ganin gefe ya yi ta tsukewa. Likitan Yamai ya ce ciwo ne na gado, ba a tsayar da shi. Tun kafin ku je Faransar nan ta sani, ta ɓoye don kada a cire ta."

Raliya ta zauna a kan turmin da ke kife.

Washegari da safe ta shiga motar Takieta. Inna Sa'a ta tare ta a zaure ta rungume ta, tana cewa ashe rai kan ga rai. Ramlatu na tsakar gida a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta yi ƙiba kaɗan, idanunta a buɗe tar kamar na kowa. Da ta ji sallamar, hannunta ya tsaya.

"Mushe ya kasa riƙe bakinsa ke nan."

Raliya ta zauna kusa da ita. Ramlatu ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, ta yi ta motsa kai har ta daidaita. "Yanzu ina ganin hancinki da rabin bakinki. Kamar mai leƙe ta cikin kara. In kin motsa kin ɓace."

"Don me ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya miki, da kin gaya wa mai horarwa."

"Da na gaya masa."

"To kin gani. Ni kuwa ina son shekara ɗaya kawai in ƙara. Son raina ya kusa kashe ki. Da wane ido zan dube ki in ce ki yafe?" Sai ta yi wata guntuwar dariya. "Kin ji ni da wane ido."

Raliya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Karayar ba ta dame ni ba kamar tafiyar da kika yi. Da kin tsaya na zage ki na huce."

"To zage ni yanzu, ga ni."

Raliya ta kuwa zage ta, tun daga sakarci har taurin kai, tana yi hawaye na zuba. Ramlatu na amsawa da "gaskiya ne". Inna Sa'a ta kawo fura ta ajiye ta koma ɗaki abinta.

Da za ta yi alwalar azahar, Raliya ta leƙa wani ɗan ɗaki kusa da rumbu. Sai ga tsohon keken Ramlatu na makaranta, an ɗaga tayar baya a kan wasu itatuwa biyu da aka kafe a ƙasa. Sarƙar na sheƙi da mai, sirdin ya goge. Inna Sa'a ta ce mata a hankali, "Kullum bayan asuba sai ta hau ta yi ta murzawa har gumi ya jiƙe ƙasa. Maƙwabta sun ɗauka injin niƙa muka sayo."

A hanyar komawa Raliya ta yi ta tunani. A Turai ta sha ganin tseren makafi. Keke ne dogo mai sirdi biyu da feda biyu, mai gani a gaba riƙe da kan keken, marar gani a baya, sarƙa ta haɗa ƙafafunsu. Ta kuma san dokarsa: wadda za ta ja marar gani a gasa sai ta bar manyan gasannin masu gani. Kulob ɗinta na jiran ta, kuma mai horar da ita ya ce tana da sauran shekara biyu masu kyau a ƙafarta.

Ta shawarci ubanta. Ya ce shi bai san dokokin Turawa ba, amma ya san ta shekara huɗu tana dawowa da lambobi ba ta dawowa da fara'a. Ta buga wa kulob waya ta ce ba za ta komo ba. Mai horarwar ya yi ta lallashi, daga ƙarshe ya ce ta yi wauta, ya kashe.

Da ta koma Takieta da maganar, Ramlatu ta ƙi.

"Ba na karɓar sadaka, 'yar Birni. Ki koma ki yi tserenki."

"Na riga na ajiye."

"To kin yi asara, don ni ba za a ɗora ni a baya kamar buhun gyaɗa ana nuna ni ba."

"Wa ya ce buhu? Ta baya ita ce injin. Ni kan keken kawai zan riƙe miki."

Ramlatu ta juya mata baya ta ci gaba da ɓararta.

Duk da haka Raliya ta kai wa Ɗan'azumi mai walda tsofaffin kekuna biyu da hoto a tarho. Ya yanke, ya haɗa, ya warware, ya sake haɗawa, har abin ya tsaya da ƙafafunsa. Nauyi gare shi kamar amalanke, kuma fentinsa rabi shuɗi rabi ja. Ta aika wa Inna Sa'a saƙo cewa an gama, ba ta ƙara komai ba. Ranar wata Alhamis sai ga su sun sauka a tasha, uwa riƙe da hannun 'ya. Ramlatu ta ce asibiti suka zo, ta biyo ne kawai ta taɓa abin ta ji. Ta shafa shi daga kai har wutsiya, ta ce waldar ta yi muni, sirdin baya kuma ya yi ƙasa. Raliya ta ɗauko sufana ta ɗaga shi. Ramlatu ta ce to bari ta gwada tsawon.

Ba su kai ƙarshen layin ba suka faɗi. A gudron Mirriya ma, wato titin kwalta, suka sake faɗuwa cikin yashi, gaban wasu mata masu tallan tukwane waɗanda suka yi ta salati. Matsalar ita ce Ramlatu ta saba da riƙe ragamar kanta. In ta hangi wani abu ta 'yar kafar ganin da ta rage mata, sai ta karkata don ta kauce masa, Raliya kuwa ta karkata wani wajen, keken ya rasa wadda zai bi.

Mushe Alkasum, wanda ke bin su a babur, ya ce, "Ramlatu, sai fa kin rufe idon nan."

"Mushe, ɗan abin da ya rage mini shi ma in rufe?"

"A kan keke kawai."

Sai Ramlatu ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure fuskarta da kanta, ta sa hular kwano a sama. Suka hau. Raliya ta fara yi mata magana: ga rami, za mu kwana hagu, tudu na zuwa, akuya ce, saki kaɗan. A hankali keken ya daina karkata. Da suka fito miƙaƙƙiyar hanya Raliya ta ce, "Yanzu!" Sai ta ji wani ƙarfi ya turo ta daga baya wanda ta manta da irinsa. Amalanken Ɗan'azumi ya yi ta ƙara kamar zai tarwatse, suka wuce wata motar haya cike da fasinja, yaran mota na buga mata jiki suna ihu. Ramlatu na baya tana kuka da ƙarfi, ƙafarta kuwa ba ta sassauta ba.

Ta tare a gidan Malam Idirisu, ɗaki ɗaya da Raliya. Suka yi rani da damina suna horo. Har ta kai Ramlatu na cewa, "Rage surutu, ina jin kwanar a bayanki kafin ki faɗa." Mushe ya yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi a Yamai har aka yi musu rajista, wata ƙungiyar wasannin naƙasassu ta ba su aron keken tsere na gaske. Likitocin gasa suka auna idon Ramlatu suka tabbatar ta cancanta.

Komawa belodrom ta zo da nata tsoron, domin keke mai sirdi biyu ya fi tsawo da nauyi, kuma a kwana ji kake kamar katakon zai tsage. Ranar farko Ramlatu ta roƙi a kai ta ta taɓa filin. Ta durƙusa ta shafa katakon, ta shinshina tafin hannunta, ta ce, "Warin bai sake ba." A gasar Afirka ta shekarar suka zo na biyu a tseren kilomita ɗaya. Shekarar da ta biyo suka ci zinare, suka sami gurbin gasar duniya, inda suka ƙare na bakwai. Da aka rataya musu zinaren nan, Ramlatu ta lalubi nata ta ce Raliya ta gaya mata launin igiyar. Raliya ta ce kore ne. Ta ce madalla, zai shiga da atamfarta ta Sallah.

Amma Raliya ta san abin da ke faruwa a jikinta. Gwiwarta ta hagu na kumbura bayan kowane horo. Tashin farkon da aka san ta da shi ya fara dusashewa. A gasar duniyar, a zagayen ƙarshe, ta ji sarai Ramlatu ce ke ɗauke da su duka biyu. Ramlatu ma ta sani, tunda sarƙa ɗaya ta haɗa su, amma ba ta taɓa cewa uffan ba. In Raliya ta tayar da zancen sai ta ce taya ce ba iska, ko abincin baƙin wuri ne.

Raliya ta fara zuwa kallon tseren makarantu ita kaɗai. A nan ta ga Nafisa, wata 'yar Droum mai faɗin kafaɗa, marar magana, wadda ba ta tsoron kwana. Ta yi watanni tana koya mata a ɓoye, ita a baya da ido rufe, Nafisa a gaba. Sai da ta gamsu sannan ta kawo ta gida, ta zaunar da ita a gaban Ramlatu.

Ramlatu ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Yarinya, ɗan ba mu wuri." Da Nafisa ta fita ta ce, "Wato kin gaji da ni."

"Gwiwata ce ta gaji. Kin fi kowa sani."

"Na bakwai ya ishe ni."

"Ƙarya kike. Ina jin ki kina cizon haƙora a bayana."

"Kin bar kulob saboda ni. Yanzu kuma in ajiye ki in ɗauki sabuwa? Me mutane za su ce?"

"Za su ce Ramlatu na son ci, kuma gaskiya suka faɗa. Ni ban bar kulob don ki zo ta bakwai ba."

Ramlatu ta yi kwanaki ba ta yi mata magana sai gaisuwa. Rannan da sassafe Raliya ta ji ta a tsakar gida tana tambayar Nafisa nauyinta, da abin da take ci, da ko ta taɓa faɗuwa. Nafisa ta ce sau ɗaya. Ramlatu ta ce bai isa ba, amma za a gyara.

Raliya ta karɓi aiki a ofishin wasanni na jiha, aka ba ta kula da tseren keke na 'yan mata. Ita ke bin su a babur ɗin Mushe, wanda ƙafa ta fara hana shi fita. Da lokacin gasar duniya ya zo gurbin tafiya bai kai gare ta ba, sai ta raka su tasha ta dawo. Ranar tseren tana ofis, ta kasa zama, ta kasa fita. Bayan la'asar tarho ya yi ƙara.

"Na huɗu," in ji Ramlatu, muryarta a dishe. "Tsakaninmu da tagulla bai kai faɗin tafin hannu ba. Nafisa ta ce ta gani da idonta."

"Alhamdu lillahi! Na huɗu a duniya, Ramlatu!"

"Kar ki yi mini alhamdu lillahin lallashi. A tashin farko muka yi asara. Yarinyar nan ƙarfi kamar ingarma, amma sai ta yi tunani kafin ta taka."

"Tana kusa da ke?"

"Ga ta nan tana kuka, ta jiƙa mini riga."

"To ki rarrashe ta, ke ce babba. Ku ci abinci, ku sa ƙafa a ruwan sanyi. In kun dawo ku huta har bayan Sallah, sannan ki bar ni da ita a kan tashin."

Ramlatu ta ja hanci. "Ki gaya wa Inna, amma ki ce mata saura kaɗan. Kar ki ce na huɗu, ba za ta gane ba."

Raliya ta ce to. Ta kulle ofis, ta tayar da babur, ta biya ta gaya wa Mushe Alkasum, sannan ta kama hanyar Takieta tun rana ba ta faɗi ba.